Yaƙin Gombe: shekara huɗu birai suna farautar 'yan'uwansu

1/ Ranar 7 ga Janairun 1974, wasu ƙarti shida suka tsallaka iyaka cikin sanɗa. Suka tarar da wani shi kaɗai a kan bishiya yana cin abincinsa, suka finciko shi ƙasa, suka yi masa dukan da ba a sake ganinsa ba har yau. Sun san shi sarai, tare suka tashi. Kuma dukkansu birai ne. Zare 🧵

2/ Kafin mutanen jihar Gombe su taso min: ba Gombenmu ba ce. Wannan wani ɗan siririn daji ne a yammacin Tanzaniya, a bakin tafkin Tanganyika, kusa da garin Kigoma. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 35 ne kacal, tuddai da kwaruruka da ƙoramu. Da jirgin ruwa ake zuwa.

3/ Biran da nake magana su ne cimfanzi. Mu a Hausa komai biri ne, amma wannan daban yake da jan birin da ke ɓarnar gona. Ba shi da wutsiya, gashinsa baƙi, ƙarfinsa ya fi na mutum, kuma sama da kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsa iri ɗaya ne da namu.

4/ Yadda aka yi muka san labarin: a Yulin 1960 wata 'yar Ingila mai shekara 26, Jane Goodall, ta sauka a dajin. Ba ta da digiri ko ɗaya. Masanin tarihin asalin ɗan Adam, Louis Leakey, shi ya turo ta. Turawan mulkin mallaka suka ce ba za su bar budurwa ita kaɗai a daji ba, sai mahaifiyarta ta rako ta. Eh, da mamarta ta je aiki 😅

5/ Watanni ta yi birai suna hango ta su gudu. Wanda ya fara sakin jiki da ita wani ne mai furfura a gemu, ta sa masa suna David Greybeard. Shi ta gani yana cin nama, alhali ana ɗauka ganye da 'ya'yan itace kawai suke ci. Shi kuma ta gani ya tsinko reshe, ya zage ganyen, ya zura a ramin gara, ya zaro ya lashe.

6/ A lokacin, littattafan ilimi cewa suke ɗan Adam kaɗai ke ƙera kayan aiki. Wannan ɗan tsinken ya rusa maganar. Sunanta ya zaga duniya, har Jami'ar Cambridge ta karɓe ta karatun digirin digirgir ba tare da digirin farko ba. Mu da ke fama da na farkon sai dai mu ce Allah ya ba mu sa'a.

7/ Malaman can sun yi mata faɗa a kan sa wa dabbobi suna. Wai lamba ya kamata ta ba su. Ta ƙi. Ni a ganina taurin kan nan ne ya sa yau za mu iya ba da wannan labarin a matsayin tarihi, da wane ya yi wa wane, da wane ɗan wance ne. Da lambobi ne, wa zai tuna?

8/ Toh, ga yadda zamansu yake, don sai kun gane shi sauran zai shiga. Al'umma ɗaya tana iya kai birai 50 ko fiye, amma ba sa yawo gaba ɗaya. Yau uku, gobe goma, jibi kowa shi kaɗai. Da dare kowa ya lanƙwasa rassa ya yi gadonsa a kan bishiya. Amma duk sun san juna, sun kuma san iyakar ƙasarsu.

9/ Abu mafi muhimmanci: namiji inda aka haife shi nan zai mutu. Mace ce yawanci ke barin gida idan ta balaga ta koma wata al'umma. Kenan mazan al'umma ɗaya 'yan'uwa ne da abokan wasan ƙuruciya. Ku riƙe wannan.

10/ Suna gaisawa da runguma da sumba da riƙe hannu. Su zauna awa guda wani yana duba wa wani gashi yana tsince masa datti, kuma a nan ake ƙulla abota da siyasa. Idan an yi faɗa, wanda aka doka yakan dawo ya miƙa hannu, babban ya dafa shi, magana ta wuce.

11/ Shugabanci kuwa ba ƙarfi kaɗai ba ne. A 1964 akwai wani Mike, ɗan ƙasa-ƙasa ne a cikin maza, ko ayaba sai manya sun gama yake samu. Sai ya lura da garewanin kananzir da babu komai ciki a sansanin Goodall. Ya koyi tura biyu ko uku a gabansa yana gudu yana kururuwa. Ƙarar ta firgita kowa.

12/ Da garwa Mike ya kawar da shugaba mai ci, wani ƙato mai suna Goliath, ya hau mulki ya yi kusan shekara shida. Ku riƙe sunan Goliath ma, zai dawo, kuma ba da daɗi ba.

13/ Na ambaci ayaba. Don birai su riƙa zuwa kusa a gan su da kyau, masu binciken sun kafa wurin ba su ayaba a sansani. Ya sauƙaƙa aiki sosai, amma ya tara birai da yawa wuri ɗaya suna kokawa a kan abinci. Wannan ayabar ita ce za ta zama abin gardama na shekaru masu yawa.

14/ Shekara goma na farko, hoton da duniya ta samu shi ne na wasu halittu masu kama da mu amma sun fi mu kirki. Ita kanta Goodall ta ce haka ta ɗauka. Akwai dalili. A 1972 wata tsohuwa Flo ta mutu, ɗanta Flint mai shekara takwas ya daina cin abinci, yana komawa inda ta faɗi, makonni kaɗan shi ma ya bi ta.

15/ Amma a daidai lokacin nan gida ya fara tsagewa. A ƙarshen 1970 wani dattijon biri ya mutu, sunansa Leakey, takwaran wancan masanin. Shi yana hulɗa da kowane ɓangare. Sabon shugaba, Humphrey, mafaɗaci ne, kuma wasu 'yan'uwa biyu, Hugh da Charlie, ba sa tsoronsa ko kaɗan. Shi ne ma ke kauce musu.

16/ A hankali maza suka fara zaɓen ɓangare. Masu bin Hugh da Charlie suka fi zama a kudu, sauran a arewa. Da farko idan sun haɗu sai dai hayaniya da jan rassa. Zuwa 1972 sun daina haɗuwa kwata-kwata. Al'umma ɗaya ta zama biyu: Kasekela a arewa, Kahama a kudu, kowacce da sunan kwarin da ta fi zama.

17/ Lissafin bai yi wa Kahama kyau ba. Manyan mazansu shida ne: Hugh, Charlie, Godi, Dé, Willy Wally da tsoho Goliath, sai wani matashi Sniff, da manyan mata uku. Kasekela na da manyan maza takwas da mata goma sha biyu. Kuma ƙasar da Kahama ta zauna a kai, a da ta kowa ce.

18/ Sai 'yan Kasekela suka fara sintiri. Birai masu surutu ne, amma idan za su iyaka sai su yi tsit. Su jeru ɗaya bayan ɗaya, su tsaya su saurara, su shinshina ƙasa, su hau bishiya su leƙa. Idan sun ji muryoyi da yawa su juya gida. Idan ɗaya ne tak, shi kenan.

19/ Mu dawo ranar 7 ga Janairu. Wanda ke kan bishiyar Godi ne. Maharan: Humphrey, Figan, Jomeo, Sherry, Evered da Rodolf. Godi ya diro zai gudu, Humphrey ya cafke ƙafarsa ya kayar da shi, ya danne masa kai. Sauran suka yi ta duka da cizo kusan minti goma. Rodolf, wanda aka sani da sanyin hali, ya ɗauki dutse ya jefe shi.

20/ Wanda ya ga wannan da idonsa ba Bature ba ne. Wani ma'aikacin binciken ne ɗan Tanzaniya, Hilali Matama. Shi ya bi biran ranar, shi ya kawo rahoto. Ba a cika ambatonsa ba idan ana ba da labarin, shi ya sa na ba shi layinsa shi kaɗai.

21/ Bayan 'yan makonni aka yi wa Dé irin wannan. An sake ganinsa daga baya ya rame, raunukan ba su warke ba, daga nan ya ɓace. Salon bai canja ba har ƙarshe: ba a taɓa yin fito-na-fito runduna da runduna ba. A jira mutum ya keɓe, a yi masa taron dangi.

22/ Na ce "mutum" ko? Ku yi haƙuri, haka labarin ke sa baki ya zame.

23/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne Goliath, a Fabrairun 1975. Ya tsufa tukuf, haƙora sun cinye, gashi ya zube, ba ya iya yi wa kowa barazana. Yana cikin waɗanda suka fara yarda da Goodall tun farkon zuwanta. Wasu daga cikin maharan a gabansa suka girma, sun sha zama suna duba masa gashi.

24/ Kusan minti ashirin suna dukansa. Ya kare kansa da hannu, daga baya ya daina motsi. Ɗaya ya kama ƙafarsa yana murɗawa, irin yadda suke yi wa naman da suka farauto. Figan, wanda shi ne shugaban Kasekela a lokacin, yana ƙarami Goliath ne gwaninsa. Da shi aka yi.

25/ A nan ne nake ganin abin ya wuce faɗan dabbobi da muka saba gani. Faɗan cikin gida a wurinsu daƙiƙu ne, a yi a shirya. Wannan kuwa sun daina ganin Goliath a matsayin nasu. Sanayyar shekaru ba ta hana komai ba daga ranar da ya zama ɗan can ɓangaren.

26/ Mata ma ba su tsira ba. Madam Bee tsohuwa ce, hannunta ɗaya ya shanye tun annobar shan inna da ta shiga dajin a 1966. An sha kai mata hari, na ƙarshe a 1975. Ta yi kwanaki tana jinya a cikin ciyawa, 'yarta Honey Bee na gefenta tana kore mata ƙudaje, har ta cika. Ɗaya 'yar, Little Bee, ta ƙare a cikin Kasekela. Allah sarki.

27/ Ana cikin haka yaƙin mutane ya faɗo cikin na birai. A watan Mayun 1975, cikin dare, 'yan bindiga kusan 40 suka tsallako tafki daga Zayar, wato Kongo ta yanzu, suka yi garkuwa da mutum huɗu daga sansanin: ɗalibai uku 'yan Amurka da wata 'yar Holan. Sai da aka biya kuɗin fansa kafin a sako su duka.

28/ 'Yan tawayen nan yaran Laurent Kabila ne. Eh, shi dai wanda ya kori Mobutu ya zama shugaban Kongo a 1997.

29/ Bayan wannan ɗaliban waje suka kwashe, Goodall ma ta koma zama a Dar es Salaam tana zuwa lokaci-lokaci. Aikin ya koma hannun ma'aikata 'yan ƙasa irin su Hilali Matama da Eslom Mpongo. Su suka ci gaba da bin birai daga asuba zuwa magariba, suna hawa tudu suna sauka, suna rubutu da Swahili. Rabin yaƙin na biyu daga littattafansu muka same shi.

30/ Ragowar ya tafi da sauri. Hugh ya ɓace. An kashe Charlie a 1977, aka tsinci gawarsa kusa da rafi. Willy Wally ma ya ɓace. Sniff ya rage shi kaɗai, namiji ɗaya a ƙasar da maza bakwai suka riƙe, har suka cim masa a ƙarshen 1977.

31/ Goodall ta rubuta a littafinta Through a Window na 1990 cewa ta yi shekaru tana farkawa cikin dare da hotunan nan a kanta. Ɗaya daga ciki: wani biri mai suna Satan ya tara hannu a ƙarƙashin haɓar Sniff yana shan jinin da ke zuba. Sniff ɗin da suka yi wasa da shi yana jariri.

32/ Zuwa 1978 babu wata al'umma mai suna Kahama. Kasekela ta mamaye ƙasar kudu, suna ci suna kwana a can da iyalansu. Nasara kenan ko? Ku dakata.

33/ Ashe Kahama katanga ce. A bayanta akwai wata al'umma, Kalande, mai yawa da ƙarfi. Da aka share na tsakiya sai Kasekela ta wayi gari tana maƙwabtaka da su kai tsaye. Cikin 'yan shekaru Kalande ta turo su baya, suka saki mafi yawan abin da suka ƙwace. Daga arewa kuma ga Mitumba na matsowa. Sai da samarinsu suka girma suka sake samun sararin numfashi.

34/ Yanzu gardamar. Da labarin ya fita wasu masana suka ce wannan ba ɗabi'ar biri ba ce, ayabar Goodall ce ta lalata su. Wata mai suna Margaret Power ta rubuta littafi guda a 1991 a kan haka. Kuma gaskiya ba maganar banza ba ce, ita Goodall ma ta yarda rabon ayabar ya ƙara faɗace-faɗace a sansani. An rage shi, a 2000 aka daina gaba ɗaya.

35/ Sai dai wasu dazuzzukan sun ba da amsa. A Ngogo, cikin dajin Kibale na Yuganda, ba a taɓa ba birai abinci ba. Duk da haka an ga mazansu sun yi shekara goma suna kashe maƙwabta, a 2009 suka shige ƙasar da suka raunana, yankinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

36/ A 2014 masana da yawa, ƙarƙashin jagorancin Michael Wilson, suka haɗa bayanan al'ummomi 18 na tsawon shekara hamsin a mujallar Nature. Kisa 152 suka lissafa, da wanda aka gani da wanda alamu suka nuna. Abin da ya fi tafiya da kisan shi ne yawan maza da cunkoso. Ciyarwa ko kutsen mutane bai bayyana shi ba.

37/ A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Duke suka zuba tsofaffin rubuce-rubucen Gombe a kwamfuta, na wa ya zo da wa, wa ke zama da wa. Suka ga tsagewar ta faro ne daga rigimar Humphrey da Hugh da Charlie, a lokacin da matan da ke shirye su ɗauki ciki suka yi ƙaranci. Mulki da mata, daga baya ƙasa.

38/ Na san wani zai rubuto "ka ga, yaƙi a jininmu yake." A yi hattara. Akwai bonobo a Kongo, kusancinsu da mu daidai yake da na cimfanzi, kuma a wancan binciken na 2014 kisa ɗaya tak aka yi zarginsu da shi. Duk mai son kafa hujja da biri sai ya faɗa mana dalilin da ya zaɓi wannan ya bar wancan.

39/ Abin da ni na fi ɗauka shi ne maganar ƙasa. Duk wannan jinin a kan 'yan kwaruruka aka zubar, don al'ummar da ta fi ƙasa ta fi abinci, matanta kuma sun fi haihuwa. To a daidai lokacin da suke yi, ƙasar gaba ɗaya tana ƙanƙancewa daga waje, kuma wannan babu sintirin da zai tare shi.

40/ A 1960 dajin Gombe a haɗe yake da sauran dazuzzukan bakin tafki. A farkon shekarun 1990 Goodall ta bi ta samansa a ƙaramin jirgi, ta ga ɗan tsibirin kore, kewaye da tuddai tsirara. Gonaki, itacen girki, yawan jama'a, da 'yan gudun hijira daga Burundi da Kongo. Talakawa ne masu neman abin sa wa a baki, ba mugaye ba.

41/ Biran da aka ƙiyasta sun kai kusan 150 a shekarun 1960 suka koma wajen 100 ko ƙasa da haka. Cuta ma ta yi nata, don murar da za ka yi kwana uku ka warke tana iya kashe cimfanzi. Kalande ɗin nan da ta kori masu nasara, ita ce ta fi raguwa a cikin ukun. Kuma idan daji ya yanke, budurwar da ta balaga ba ta da wata al'umma mai nisa da za ta koma.

42/ Abin da ya ɗan yi aiki ba bindigar masu gadi ba ce. A 1994 cibiyar Goodall ta fara wani shiri, TACARE, da ƙauyukan da ke kewaye: ruwan sha, asibiti, ƙananan rance, karatun 'yan mata, dashen itatuwa. Ƙauyukan da kansu suka ware filayen da za a bari su farfaɗo, kuma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna itatuwa sun dawo a wasu tuddan.

43/ Goodall ta rasu ranar 1 ga Oktoban 2025 a Amurka tana da shekara 91, tana tsakiyar rangadin lacca. Binciken Gombe bai tsaya ba, ya haura shekara sittin, kuma 'yan Tanzaniya ne ke bin biran kullum. Jikokin Flo da tattaɓa-kunnenta suna nan a dajin.

44/ Na ce ba Gombenmu ba ce, amma mu ma muna da su fa. A gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000, akwai cimfanzi. Wani jinsi ne da babu shi ko'ina sai Najeriya da Kamaru, kuma shi ne mafi ƙarancin yawa a cikin jinsunan huɗu. Akwai kaɗan ma a dajin Ngel Nyaki a Mambila.

45/ Namu ba su saba da mutane kamar na Tanzaniya ba, don haka yawancin abin da aka sani daga sawunsu ne: gadajen da suka bari a kan bishiya, da sandunan da suke zura wa ramin zuma da na tururuwa. Farauta, sare daji da ƙona shi don kiwo suna matsa musu.

46/ Idan akwai ɗan Serti ko Gembu a nan da ya taɓa ganinsu ko ya ji kukansu da asuba, don Allah ya ba mu labari a ƙasa. Ina kuma son sanin sunan da ake kiransu da shi a can, da Fulatanci ko da yaren Mambila.